Zaman kwatas ɗin ma'aikata a shekarun 1950 da 1960: tarbiyya ce ta daban ko kewar ƙuruciya ce kawai?

Ɗan_Loko: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a gidajen ma'aikata, wato kwatas, daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970, musamman na reluwe a Zariya da Kaduna da Kafanchan da Kano. Ni a na Zariya na tashi, mahaifina yana gyaran kawunan jirgi a Loko, wato garejin jiragen ƙasa. Abin da nake gani shi ne, yaran waɗannan gidaje sun samu wata irin tarbiyya da ta yi wuyar samu yanzu, kuma tsarin ginin ne ya kawo hakan fiye da halin iyayenmu. Gidajen a jere suke, ciki da falo da baranda, rufin kwano, madafa da makewayi a baya, famfo ɗaya ga layi guda, sannan babu katanga tsakanin gida da gida. Duk abin da yaro ya aikata a idon mata goma ya aikata shi, kuma kafin ya iso gida labarin ya riga shi. Ko akwai mai ganin ba haka abin yake ba?

Hajiya_Kubanni: Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo mana inda yake yi mana ƙaiƙayi. Ni ma a Zariya na tashi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne famfon nan da ka ambata. Tun kafin kiran assalatu ake tura mu mu ajiye bokiti a layi, wadda ba ta da bokitin da za ta bari kuwa sai ta ajiye dutse ko tsohon gwangwani, kuma kowa ya san dutsen gidan wane ne, ba mai matsar da shi. A bakin famfon ake jin wanda aka yi wa ƙarin girma, da wanda za a mayar Minna, da wadda ta haihu da daddare. Agogo kuma bai dame mu ba, domin jiniyar Loko ce take tayar da maza, ita ce kuma take sanar da mata cewa lokacin ɗora tukunya ya yi. Mahaifiyata tana rantsuwa cewa matan direbobi suna gane busar mijinsu tun jirgi yana bayan gari, su tashi su ɗora ruwan wanka. Saboda haka na yarda da kai a kan zaman tare, sai dai ina jiran in ji ta bakin waɗanda suka girme mu.

Tsohon_Akawu: Hajiya, kin ba mu dama, to bari in yi gyara a kan maganar Ɗan_Loko. Ya yi magana kamar kwatas iri ɗaya ce, alhali kuwa hawa-hawa ce, kuma matsayin uba a wurin aiki shi yake yanke irin gidan da ɗa zai tashi a ciki. Akwai gidajen manyan ma'aikata, waɗanda asali na Turawa ne, masu faɗin fili da itatuwan mangwaro da shingen fure da ɗakin boyi a baya. Akwai na akawuna da direbobi da masu sana'ar hannu, irin wanda ya kwatanta. Sannan akwai na leburori, ɗaki ɗaya tal ga mutum da matarsa da 'ya'yansa, makewayi kuma na tarayya ne, na bokiti, wanda ake zuwa kwashewa cikin dare. Lokacin da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, da kuma bayan samun mulkin kai a 1960, 'yan ƙasa sun shiga gidajen Turawan da suka tafi, amma tsarin hawa-hawan bai motsa ba. Ɗan lebura ya san iyakarsa. Yana iya buga ƙwallo da ɗan akawu da la'asar, amma bai isa ya ratsa ta gaban gidan babban injiniya ya tsinki mangwaro ba tare da mai gadi ya biyo shi ba. Rashin katangar da ake yabo a layin ƙananan ma'aikata ne kawai, kuma ba don a koya mana zumunci aka bar ta ba, don a rage kuɗin gini ne, a kuma sauƙaƙa wa duba-gari aikinsa.

Inna_Tudun_Wada: Allah ya saka da alheri, Baba Akawu. Ni kuma zan faɗi ɓangaren da maza ba sa gani. Wanda ya zana waɗannan gidaje bai san zaure ba, bai san tsakar gida ba, bai kuma san cewa akwai macen da ba ta fita sai da dalili ba. Mahaifiyata daga cikin birni aka kawo ta, gidan da ta tashi sai an wuce zaure biyu kafin a ga mace, sai ga ta a gidan da ƙofar ɗakinta take kallon hanya, madafa kuma sai ta fito fili kafin ta shiga. Mahaifinmu yakan sayo zana ya kewaye bayan gidan domin ta samu inda za ta yi daka da wanki ba tare da mayafi ba, amma duk lokacin da aka ce masu duba tsafta za su zagayo sai a kwance zanar a naɗe, su wuce a mayar. Baƙo namiji kuwa a baranda ake saukar da shi, ita kuma ta shige ƙurya ta zauna har ya tafi. Mu yara mun ji daɗi, ba na musu, amma idan aka ce zaman ya yi wa kowa daɗi, to ba a tambayi iyayenmu mata ba.

Ɗan_Loko: Inna, maganarki tana kan hanya, kuma na tuna zanar nan a gidaje da yawa. Amma ki lura cewa ni a kan yara na yi magana. Ko ita zanar ba ta hana muryar maƙwabciya isowa ba in ta ji ana rashin kunya.

Bakafance_58: Ina gaida dattawa. Ni a Kafanchan na tashi, garin da kusan reluwe ce ta raya shi bayan da ya zama mahaɗar layin gabas da na Jos a ƙarshen shekarun 1920. A layinmu akwai Ibo da Yarabawa da Nufawa da Tibi da mutanen Kudancin Zariya da mu Hausawa, kuma kafin in shiga aji ɗaya ina iya gaisuwa da neman abinci da zagi a harsuna huɗu, ban da burokan da muke yi a filin wasa. Ranar Sallah faranti yake fita daga gidanmu zuwa kowace ƙofa, ranar Kirsimeti kuma shinkafa ta dawo a cikin farantin, kuma maƙwabtanmu sukan kira mahaifina ya yanka musu akuyar domin mu iya ci. Wasanninmu langa da gare da ƙwallon tsumma, 'yan mata kuma 'yar gala-gala da carafke a kan simintin baranda. Amma babban wasan da iyaye ba su sani ba shi ne ɗora kwabo a kan dogo. Kwabon nan mai huda a tsakiya za mu ajiye, mu koma cikin ciyawa mu kwanta, jirgin kaya ya bi ta kai, mu fito mu tarar ya baje ya yi faɗi, hudar ta zama doguwa, yana da zafin da sai an jira kafin a ɗauka. Wanda ya fi kowa faɗin kwabo shi ne sarkin ranar, duk da cewa ya yi asarar ƙosan da kwabon zai saya masa.

Hajiya_Kubanni: Ashe har Kafanchan ana yin wannan ta'asar. Yayana ya sha bulala a kanta, kuma ba mahaifinmu ne ya yi masa ba, wani mai ba jirgi hannu ne Bayarabe ya kama shi, ya zane shi, sannan ya riƙo kunnensa har gida, mahaifiyarmu ta yi masa godiya ta ƙara wa yaron da nata. Wannan dai yana goyon bayan Ɗan_Loko.

Mai_Tsintar_Kwal: Bakafance ya tuna mini da abin da mu 'ya'yan leburori muke yi, wanda ba wasa ba ne. Kwal ɗin da jiragen suke ƙonawa daga Inugu ake kawo shi, kuma idan aka zubar da tokar kan jirgi akan samu gutsattsarin da bai gama cinyewa ba. Mu ne muke zuwa da kwando mu tona tokar tun tana da ɗumi, mu kawo wa iyayenmu mata su yi girki, abin da ya ragu a sayar wa masu tuyar ƙosai da maƙera. Haramtacce ne a hukumance, kuma akwai haɗari, domin ana jujjuya taragai a wurin ba tare da sanarwa ba, amma itace kuɗi ne, albashin lebura kuwa ba ya kai ƙarshen wata. Da jiragen dizal suka yawaita sai wannan hanya ta toshe, kuma na ji mata a layinmu suna tsine wa sabon jirgin da ba ya zubar da komai. Na kawo wannan ne domin in ƙarfafa maganar Baba Akawu, cewa ƙuruciyar kwatas ta danganta da lambar gidan da mutum ya fito.

Matashi_Kundila: Ranku ya daɗe, ni yaro ne a cikinku. Na tashi a Kundila a Kano, abokaina kuma wasu a gidajen Shagari suka tashi. Shin mu ma muna cikin wannan lissafi, ko namu daban ne? Domin yawancin abin da kuke faɗa game da maƙwabta mun taras da shi.

Tsohon_Akawu: Ɗana, naku ya biyo baya, kuma akwai bambanci mai girma. Kundila ta shekarun 1970 ce, gidajen Shagari kuma na farkon shekarun 1980 ne, kuma irin waɗannan rukunan gidaje mazauna da dama sun samu damar mallakarsu daga baya. Da zarar mutum ya san gida nasa ne, abu na farko da yake yi shi ne katanga, na biyu ƙarin ɗaki, na uku shago a bakin hanya. Mu kuwa ko ƙusa za ka buga a bango sai ka tuna cewa ranar tashi za a zo a duba. Fentin ma ba kai kake zaɓa ba, duk layin launi ɗaya ne, lambar gida kuma a rubuce take da baƙin fenti a saman ƙofa, ita ce adireshinka, ita ce kuma ake cire haya da ita daga albashi.

Yar_Layi_Na_Uku: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma tunda ana maganar zaman tare, bai kamata a tsallake 1966 ba. Ina 'yar firamare a lokacin. Maƙwabtanmu na jikin bango Ibo ne, mijin direban jirgi, matar tana ɗinki a baranda, kuma 'yarsu ita ce ƙawata ta farko a duniya. Bayan kashe Sardauna a watan Janairu zaman ya fara sauyawa, manya suna magana ƙasa-ƙasa, ana kashe akwatin rediyo idan yara sun shigo. Da rikicin watan Satumba da Oktoba ya zo, a ɗakin mahaifiyata matar da 'ya'yanta suka kwana, aka ɗaura musu zane irin namu, har aka samu hanyar kai su tasha. Ta bar keken ɗinkinta a wurinmu ta ce za ta aiko. An yi yaƙi daga 1967 zuwa 1970, wasu maƙwabtan sun dawo bayan an gama, su ba su dawo ba, kuma ba mu sake jin labarinsu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne saurin da aka sa wani ma'aikaci a gidan, da iyalinsa da kayansa, domin jirgi ba zai tsaya ba, gida kuma na aiki ne. Ina ganin rashin katanga ya sa mun san juna har wasu suka ceci wasu, amma bai hana abin da ya faru faruwa ba, kuma ba kowane layi ne aka yi irin abin da mahaifiyata ta yi ba.

Bakafance_58: Allah ya jiƙan mahaifiyarki, Yaya. A wurinmu ma rabin ajinmu ya watse a cikin mako guda, har da malamai. Ba ni da abin ƙarawa.

Maraya_Kaduna: Maganar Yaya cewa gida na aiki ne ita ce ta sa zan sa baki. Mu ba na reluwe ba ne, mahaifina yana aiki a wata ma'aikata a Kaduna wadda take ba ma'aikatanta gida. Ya rasu ina aji biyar, kuma ba a yi sadakar arba'in ba takardar tashi ta iso, domin akwai wanda yake jiran gidan a jerin sunaye. Mahaifiyata tana cikin takaba aka ɗora kayanmu a kan a-kori-kura zuwa ɗakin haya a Tudun Wada. Maƙwabta sun yi iya ƙoƙarinsu, sun yi karo-karo sun biya mana hayar farko, matan layi kuma sun riƙa zuwa suna duba mu, amma babu wanda yake da ikon cewa a bar mu. Duk wanda ya tashi a kwatas ya san wannan tsoro ko da bai faɗa ba: ritaya, ko kora, ko canjin wurin aiki, ko mutuwa, kowanne yana nufin barin gidan da aka haife ka. Hausawa suna cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ni ban ƙi abin da Ɗan_Loko ya faɗa a kan tarbiyya ba, sai dai ina ganin wani ɓangare na ladabin da muke yi tsoro ne, domin ƙarar maƙwabci tana iya kaiwa ofis, ofis kuma shi ne mai gidan.

Baba_Asawase: Gaisuwa daga Kumasi. Ina bin wannan zance da sha'awa domin namu ya yi kama da naku ta wani gefe, ya kuma saɓa ta wani. Gwamnatin mulkin mallaka ta gina rukunin gidajen Asawase a tsakiyar shekarun 1940, kusa da Zango da Aboabo, ƙananan ɗakuna a jere, famfo da makewayi na tarayya, kamar yadda kuka kwatanta. Bambancin shi ne ba na ma'aikata guda ba ne, saboda haka mutum ba ya tashi don ya bar aiki. Iyalai sun zauna har jikoki, kowa ya yi ta ƙara ɗaki a gaba da baya, har ya zama sai wanda ya san wurin tun asali ne zai iya nuna maka ainihin ginin gwamnati a cikin gidan. Filayen da muka yi ƙwallo a kai duk sun zama ɗakuna da shaguna. Mu ma mun ga tafiyar maƙwabta, lokacin da gwamnatin Gana ta Firaminista Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takarda a ƙarshen 1969, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da yawa suka kwashe kaya, wasunsu a Kumasi aka haife su. Amma unguwar ta ci gaba da zama tamu, kuma har yau idan na je ina samun waɗanda muka yi makarantar allo tare a gidajen iyayensu.

Tsohon_Akawu: Alhaji na Kumasi ya kawo abin da ya kamata a auna. Iyayenmu masu hangen nesa sun san da wannan matsala, shi ya sa da yawansu suna kwatas amma suna tara bulo a wani fili a Tudun Wada ko Sabon Gari. Na tuna yajin aikin gama-gari na watan Yunin 1964, yadda maza suka zauna a baranda kusan mako biyu babu jiniya, kuma abin da mata suke tambaya shi ne ko za a kore mu daga gidajen. Na kuma tuna kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, da aka biya a 1975 haɗe da bashin watannin baya. A layinmu an rabu biyu, wasu suka sayi babur da rediyo mai kaset da talabijin, wasu suka sayi fili. Lokacin da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe a ƙarshen shekarun 1980, albashi da fansho suka riƙa makara, an ga bambancin waɗannan mutane biyu ƙarara.

Inna_Tudun_Wada: Akwai kuma abin da ba a ambata ba, wato yadda dangi suke kallonmu. Idan aka kai mu cikin birni hutu, 'yan bariki ake kiranmu, ana dariyar Hausarmu da ta cakuɗe, ana cewa ba mu iya durƙusa wa manya yadda ya kamata ba. Kakata ba ta taɓa yarda cewa malamin da yake koya mana allo a ƙarƙashin darbejiyar bakin layi malami ne na gaske ba, saboda da safe muna boko, sai da yamma muke zuwa wurinsa. To tarbiyyar da Malam Ɗan_Loko yake yabo, a wancan lokacin mutanen birni rashin tarbiyya suke ɗaukarta. Amma kuma a cikin 'yan matan danginmu, mu na kwatas ne muka fara gama firamare, domin a layin da 'yar maƙwabci take tafiya makaranta da safe, da wuya uba ya tsare tasa a gida.

Matashi_Kundila: Na taɓa ratsawa ta wasu tsofaffin gidajen reluwe a Kano, na ga kowane gida an kewaye shi da tsohon kwano ko bulo, famfunan layi kuma babu ruwa, kowa da rijiyarsa ko yana sayen na 'yan garuwa. Ke nan ko a can ɗin ma katangar ta shigo daga baya.

Ɗan_Loko: Na karanta duka, kuma na gode. Baba Akawu da Mai_Tsintar_Kwal sun nuna cewa layi ya fi layi, Maraya kuma ya kawo batun tsoron ofis, wanda ban musa ba. Duk da haka ina nan a kan cewa yaron da ya tashi inda kowane babba yake da ikon tsawata masa, kuma inda dole ya bi layin famfo da ɗan wanda ba addininsu ɗaya ba, ya koyi wani abu da ɗan gidan katanga da get sai ya girma yake koyo, in ma ya koya. Ko don rage kuɗi aka ƙi yin katangar, sakamakon dai mun gan shi.

Maraya_Kaduna: Malam, sakamakon ya zo da farashinsa, kuma ba kowa ne ya biya daidai ba. Ni da za a ba ni zaɓi a lokacin, da na ɗauki gidan ƙasa mai katanga wanda ba mai tayar da mahaifiyata daga cikinsa.

Bagusaje_Tasha: Na shigo a makare, ku gafarce ni. Duk maganar ta tsaya a manyan mahaɗai, alhali akwai mu da muka tashi a ƙananan tashoshin layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929. A irin tasharmu gidajen ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, babu famfo, babu lantarki, ruwa ma wani lokaci daga tankin da ake shayar da kan jirgi muke ɗiba, kuma abokan wasanmu 'ya'yan manoma ne da suke kawo gyaɗa da auduga a lokacin kaka. Zaman da kuke kwatantawa na layi-layi da jiniya mu labarinsa muke ji a bakin masu gadin jirgi. Ina so in ji ko akwai wanda ya tashi a Funtuwa ko Gusau ko Nguru, ya faɗa mana ko nasu ya fi kama da na Zariya ko da namu.